Robar Mota a Wuyan Keken Baba

Shekaranjiya na biyo ta gaban wani mai gyaran keke a bakin hanya, daidai lokacin da ya buɗe gwangwanin sholisho zai yi faci. Warin ya daki hancina, sai na ga na tsaya cak da kayan cefane a hannu, har mutumin ya ɗago ya tambaye ni ko ina da keken gyara ne. Na ce masa a'a, na wuce. Tun daga lokacin zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin nan yadda ya faru, ko na samu ta ɗan sauka.

A Moshi Zango da ke Kumasi na tashi, a gidan Kaka, mahaifin mahaifiyata. Baba ya rasu ina da shekara bakwai, bayan jinyar da ta cinye ɗan abin da ya tara, sai Mma ta kwashe mu muka koma gidansu. Abin da muka shigo da shi daga gidan Baba bai wuce tabarmi da tukwane ba, sai baƙin kekensa mai tsawo, irin na maza mai ƙarfe a tsakiya. Kaka tsohon farken goro ne da ƙafa ta gaji, ya koma zama a kan benci a ƙofar gida da carbinsa. Ba ya yawan magana, amma in ya faɗi abu sau ɗaya to an gama, babu mai sake tayar da shi.

Mma koko da ƙosai take yi. Kafin a kira sallar asuba gidanmu ya cika da ƙamshin citta da kanumfari da tsamin gasara, manja yana ta ƙara a kasko. Ni ce babba a ɗakinmu, don haka ni ce mai kai wa magina da makanikan bakin titi kafin in tafi makaranta. Ana ɗaure bokitin koko a kariyar gaban keken, tiren ƙosai a ta baya, ni kuma in riƙa turawa, don a lokacin ƙafata ba ta kai feda. Tura keken ba wuya. Wuyar tana wajen tsayawa. Da zarar na kafa shi a kan sitan, ƙarfen da ke tsayar da shi, na saki hannu don in zuba wa mutum, sai nauyin bokitin ya ja kan keken ya karkace gefe ɗaya, ƙafar gaba ta juya, bokitin ya tuntsure. Sau uku koko yana zubewa a ƙasa, sau uku ina shan faɗa. A na huɗun a kan ƙafata ya zube, yana tafasa. Tabon yana nan har yau a bayan ƙafata ta hagu.

Ranar ce Wofa ya shigo cikin labarin. Ƙanen Mma ne, uwa ɗaya uba ɗaya, muna kiransa Wofa kamar yadda Asantawa ke kiran ɗan'uwan uwa. Yana da rumfar gyaran keke a ƙarƙashin wani mangwaro a ƙarshen layinmu, tayoyi rataye a reshe, kwanon ruwan neman huji kullum baƙi ƙirin. Da ya ga ƙafata a naɗe, sai ya ja keken ya tafi da shi, ni ma na bi shi ina ɗingishi.

Har yau ina iya gaya muku abin da ya yi daki-daki. Ya ɗauko tsohon tiyub na keke, ya yanko shi a tsaye da almakashi, faɗin yatsa biyu. Ya zura baki ɗaya a bayan wuyan keken, inda ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ya rabu biyu, ya ƙulle. Ya ja ɗaya bakin zuwa ƙarfen jikin keken da ya gangara wajen feda, ya auna tsawon da tafin hannunsa da ƙarin yatsu huɗu, ya naɗe ya ƙulle. Sai ya kafa keken, ya ɗora dutse a kariyar gaba, ya ture kan keken da yatsa. Kan ya tafi gefe, ya tsaya, ya dawo tsakiya da kansa. Ya sake turewa ɗaya gefen, ya sake dawowa. Ni kuwa na saki baki ina kallo, don a idona babu malamin da ya taɓa yin abin da ya kai wannan.

Wofa ya girma ne a cikin makanikai, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a bakinsa. Ya bayyana mini cewa sirrin yana cikin robar. Tiyub ɗin keke yana da laushi, yana riƙe kan in keke yana tsaye, amma in mutum yana tafiya ya zo kwana sai ya miƙe ya ba shi hanya. Ya nuna mini wani yankin tiyub ɗin babbar mota da yake yanka wa masu ɗaure kaya, mai kauri kamar fatar takalmi, ya ce in ja in gani. Na ja da iya ƙarfina, ko motsi bai yi ba.

"Wannan kar ka yarda ya taɓa wuyan keke," in ji shi. "Shi bai san kwana ba. Miƙe kawai ya sani."

Daga ranar koko bai sake zubewa ba. Masu burodi da masu ƙwai na unguwa suka gani, suka riƙa kawo nasu ana ɗaura musu. Ni kuma na maƙale wa Wofa. Shi ya koya mini hawa, da fari ina zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya ina tuƙi a karkace, yana bina a baya da gudu yana riƙe da kariya yana haki. Da na yi tsawo ya sauke mini sirdi har ƙasa. Yana tsokanata wai ƙafafuna sun riga hankalina girma. In an tambaye ni a lokacin wa na fi yarda da shi a duniya bayan Mma, ba zan yi dogon tunani ba.

Ina da shekara goma sha huɗu sakamakon jarrabawarmu ya fito, aka ba ni gurbi a wata makarantar gaba da ke can wajen Ayigya, kusa da jami'a. A layinmu kaf babu yarinyar da ta taɓa samu. Malamarmu da kanta ta tako har gida ta kawo takardar, ta zauna a tabarma ta yi wa Kaka bayani. Matsalar ita ce nisa. Ba makarantar kwana ba ce, kuma hawa trotro, motar haya, har biyu kullum, zuwa da dawowa, ya fi ƙarfin kaskon ƙosai. Ni ce na buɗe baki a gaban manya, abin da ban saba ba, na ce ai ga keken Baba.

Kaka ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce titin Kumasi ba filin wasa ba ne, direbobin trotro ba su san 'yar kowa ba. Amma ya ce ba zai hana abin da bai gani da idonsa ba. Ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, zan hau keken daga ƙofar gida da jakar littattafai a gaba, in gangara layin har famfon unguwa inda hanya ta ƙare da kwata, in juyo ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba, in dawo. In na yi, na tafi makaranta. In na kasa, maganar ta mutu.

Na kusa yin dariya don murna. Kwanar famfon nan kullum sai na yi ta sau biyar ko shida, wani lokaci da hannu ɗaya. Mma tana bakin murhu sa'ad da aka yanke maganar, ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ta ci gaba da tace gasara. Washegari ma ita ta je kasuwa ta yanko yadin rigar makaranta, shuɗi mai haske, ta ajiye a kan akwatinta inda zan riƙa gani.

Lokacin ƙaramar damina ne, ruwa yana sauka kusan kowace yamma, jar ƙasar layinmu ta yi santsi, kwata ta cika da ruwan wanke-wanken unguwa da ɓawon lemo. Duk da haka kowace rana bayan la'asar sai na yi kwanar nan sau ashirin, har matan da ke layin ɗiban ruwa suka riƙa ƙirga mini. Ranar Alhamis Wofa ya zo ya ce in ba shi keken ya kwana a wurinsa, zai duba birki ya sa mai a sarƙa, kada a ji kunya a gaban mutane. Na miƙa masa ina ta godiya.

Bai dawo da shi ba sai da aka sauko Juma'a, Kaka da abokansa sun riga sun jeru a benci da fararen riguna. Keken yana ta ƙyalli. Ya wanke shi tas, ya ɗaura sabuwar ƙararrawa, robar wuyan kuma ya naɗe ta da ƙyallen yadin nan shuɗi, ya ce Mma ce ta ba shi don ado. Da na kama hannun keken na ji kan ya yi nauyi, na faɗa masa a hankali. Bai dube ni ba, ya ce sabuwar roba ce, za ta saki in na fara tafiya. Kaka ya ɗaga hannu, na hau.

Gangaren ya tafi lafiya lau. Ina jin iska a kunnena, ina jin matan famfo suna kiran sunana. Na rage gudu daidai inda na saba, na karkata jiki, na juya hannu zuwa dama. Kan keken ya ɗan tafi, sai ya tsaya. Na ƙara ƙarfi, na ji ya turo hannuna baya ya miƙe. Abin da na sani bayan nan shi ne ina cikin kwata, keken a kaina, bakina cike da ruwan da ba na so in tuna, hannuna na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Littattafaina suna yawo a kan ruwa. Wani yaro ya yi dariya, aka kwaɗe shi.

Kaka bai yi mini faɗa ba. Ya ce da trotro ce a wurin kwatar nan da yanzu ana haƙa kabari. Ya sa aka ɗaga keken da ƙafar gabansa a lanƙwashe aka rataye a ɗakin ajiya, ya kulle da kansa, ya ce muddin yana numfashi kada wanda ya sake taɓa shi. Mma ta kai ni wurin mai ɗori. Sati shida tana yi mini wanka, tana ba ni abinci a baki, tana gasa mini hannun da ruwan ɗumi. In na fara kuka sai ta rungume ni ta ce in yi haƙuri, Allah ne bai rubuta ba, tsoro ne ya kama ni a gaban mutane, kuma kowa yana iya tsorata. Na yarda da ita. Yadin nan shuɗi aka ɗinka wa ƙannena riguna da shi.

Da hannun ya warke na koma kai koko, a ka wannan karon. Kullum da sassafe ina tsallaka babban titi da bokiti mai zafi a kaina, ina ratsa tsakanin motoci, kuma ban taɓa jin wani ya ce titin ya yi mini haɗari ba. A lokacin ban ma lura da hakan ba. Ina ganin 'yan makaranta suna wucewa da rigunansu sai in juya fuska. Daga baya aka sa ni koyon ɗinki, na yi aure a Ayigya Zango, inda har yau nake jin ƙararrawar makarantar nan daga shagona. Na haifi 'ya'ya huɗu. Labarin kwata kuwa ni da kaina na mayar da shi abin dariya, ina ba da shi a wurin biki da suna, ina kwaikwayon yadda na yi sama da ƙafafu. In ɗiyata ta yi rawar kai sai in ce ta bi a hankali, uwarta ma ta taɓa cika baki ta ƙare a kwata.

Kaka ya rasu, mabuɗin ɗakin ajiya ya koma hannun Mma, ba ta taɓa buɗewa a gabana ba. Bara waccan ciwo ya kwantar da ita. Ina zaune a gefenta wata rana da hantsi, ina ba ta kunu da cokali, sai ta riƙe wuyan hannuna na dama, daidai inda ya karye, ta ce in yafe mata. Na ce haba Mma, me kika yi mini, ai ni ce zan roƙe ki. Ta ce ita dai in faɗa da bakina. Na ce na yafe mata duniya da lahira. Ta rufe ido ta ce alhamdu lillahi. Kwana huɗu bayan nan ta cika.

Bayan sadakar arba'in muka taru gyaran gida, aka fasa kwaɗon ɗakin ajiya. Keken yana nan rataye, tsatsa ta cinye shi, tayoyin sun zama gari. Na sa aka sauko mini da shi don kawai in taɓa abin da Baba ya taɓa. Ƙyallen wuyan ya ruɓe, ina taɓawa ya zube. Abin da ke ƙarƙashinsa ya bushe ya tsattsage, amma kaurinsa bai ɓace ba. Robar babbar mota ce, an ninka ta biyu, tsawonta bai kai tafin hannuna ba. Na tsuguna a wurin ina kallonta har ƙanwata ta zo ta taɓa ni ta ce lafiya.

Washegari na yanko ta da wuƙa na sa a jaka, na shiga mota zuwa Sofoline, inda Wofa ya koma da rumfarsa shekaru da yawa. Ya tsufa, ido ya yi rauni, yana zaune a kujera wasu suna aikin. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi iyali, sannan na ɗora robar a tafin hannunsa. Ya shafa ta da babban yatsa sau ɗaya. Bai tambaye ni mece ce ba.

"Mmanka ne ya zo wurina," in ji shi. "Ran Laraba. Ya ce in ka tafi sukuu karatu, wa zai kai koko? Ƙannenka uku, me za su ci? Ya yi kuka paa. Yayata ne, ban iya ce mishi a'a ba."

Na tambaye shi ko ya san zan iya karyewa.

"Na ɗauka za ka sa ƙafa ƙasa kawai," ya ce. "Kowa in kai ya ƙi juyawa, ƙafa yake sawa. Kai ne ka ƙi sawa."

Wato laifin ma nawa ne, da na ƙi sauke ƙafa. Na tashi ban yi masa sallama ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba tun da aka haife ni. A cikin mota ina dawowa ina ta share hawaye, wata Ba'asantiya da ke kusa da ni ta miƙo mini ruwa tana tambaya ko rasuwa aka yi mini.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji an ci amanata, kuma har yanzu ina ji. Na san yunwa, na san abin da ake nufi da mace ita kaɗai da marayu huɗu da kasko ɗaya. Da Mma ta zaunar da ni ta ce ba za ta iya ba sai da ni, wallahi da na yi kuka na haƙura, da na ɗauki bokitin nan ina sane da abin da na bayar. Ba ta yi haka ba. Ta sayo yadi ta ajiye inda zan gani, ta yanki ƙyallensa ta bayar a rufe robar, ta bar ni na faɗi a gaban unguwa, sannan ta zauna sati shida tana gaya mini tsoro ne ya kama ni. Wofa kuwa da bakinsa ya koya mini abin da robar mota ke yi, ya kuma san zan yarda da shi in ya ce za ta saki. Yafiyar da na yi mata ba zan janye ba, na riga na faɗa, kuma ba na so a tsare uwata a can saboda ni. Amma ita ta san abin da take roƙo, ni ban san abin da nake bayarwa ba.

Yanzu zamani ya canza. Layinmu na Moshi Zango an zuba masa kwalta, an rufe kwatar da siminti, famfon ya daɗe da mutuwa. 'Yan mata suna tafiya makaranta a keke da babur babu mai tara dattawa a benci ya gwada su. Masu kaya a gaba ma sun daina yanka tiyub, akwai wani ɗan ƙarfe mai naɗi da ake sayarwa a shago, a ɗaura shi da kusa. Ɗiyata ta biyu tana aji na ƙarshe a makarantar nan da aka taɓa ba ni gurbi, ta lura na daina ba da labarin kwata, ta tambaye ni dalili, na ce ya tsufa. Wofa ya aiko sau biyu a gaya mini yana so ya gan ni kafin azumi, ban je ba tukuna.

Hannun nan yana yi mini ciwo duk lokacin da hadari ya haɗu, wani lokaci sai na ajiye almakashi na jira ya lafa. Shekara ashirin da takwas ina jin haushinsa, ina cewa shi ya kasa juya kan keke a ranar da na fi bukatarsa. Ashe ya juya iya ƙarfinsa har ya karye.